Yadda za ka gane abin da ake faɗa a kotu, daga sammaci har ɗaukaka ƙara

Mutum zai iya zama a kotu tun safe har rana ta take, a yi maganarsa daga farko har ƙarshe, alƙali ya yi rubutu ya karanta ya tashi, shi kuma ya fito waje yana jan rigar lauyansa wai "to yanzu me aka ce, na ci ne ko an cinye ni?" Ko da an fassara masa da Hausa haka za a yi, saboda kalmomin suna da wata ma'ana ta daban a bakin alƙali. Dabarar da zan ba ka guda ɗaya ce: duk kalmar da ka ji, ka tambayi kanka a wane mataki shari'ar take. Kusan kowace kalma ta kotu tana nuna inda aka kai ne, in ka gane inda aka kai to ka gane abin da ya rage ka yi da kuma kwanakin da suka rage maka.

Fara da gane irin shari'ar da kake ciki. Akwai shari'ar laifi akwai kuma ta neman haƙƙi, su ne za ka ji lauyoyi suna cewa kiriminal da sibil. A ta laifi gwamnati ce ke ƙara ta hannun mai gabatar da ƙara, ko da kai aka yi wa satar, matsayinka a ciki mai ƙorafi ne kuma shaida, shi ya sa ba kullum ba ne za ka ce "na yafe" a rufe magana nan take. A ta neman haƙƙi kuwa, irin su bashi, fili, gado, saɓa alƙawarin ciniki, mai ƙara ne da wanda ake ƙara, kuma abin da ake nema shi ne a biya ko a mayar ko a hana, ɗauri ba ya cikin asalin lissafin. Nauyin hujjar ma ba ɗaya ba ne. A laifi sai an tabbatar har babu sauran kokwanto mai ma'ana, a neman haƙƙi kuwa wanda hujjarsa ta rinjaya shi ya ci, ko da da ɗan kaɗan ne. Ka duba shari'ar O.J. Simpson, wani tsohon ɗan wasa a Amurka, an wanke shi daga tuhumar kisa a 1995, amma da iyalan mamatan suka kai shi ƙarar diyya aka ce ya biya dala miliyan 33.5 a 1997, abu ɗaya ne ya faru amma ma'auni biyu aka yi amfani da su. Amfanin sanin wannan a wurinka shi ne kada wani ya razana ka da cewa zai sa a kulle ka saboda bashi kawai. A Najeriya ma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana a kama mutum a kan rikicin da na sibil ne zalla ko saɓa yarjejeniya, ta kuma hana a kama wani a madadin wani, wato irin a zo neman ɗa a rasa shi a tafi da uba. Amma fa in da yaudara ka karɓi kuɗin tun farko, to magana ta koma damfara, wannan kuma laifi ne.

Sai kalmomi uku da ake cakuɗawa kullum, zargi da tuhuma da laifi. Wanda ake zargi shi ne wanda ake bincike a kansa, ba a kai shi gaban alƙali ba tukuna. Wanda ake tuhuma shi ne wanda aka rubuta masa caji, wato laifin da ake cewa ya aikata, aka karanta masa a kotu. Mai laifi kuwa sai kotu ta same shi da laifin. Tsakanin na farko da na ukun ana iya yin shekaru, kuma da yawa ba sa kaiwa na ukun sam. Sashe na 11 na sanarwar 'yancin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa mara laifi har sai an tabbatar, kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma ya maimaita haka a sashe na 36. To in kana rubutu a Facebook ka kiyaye bakinka, kiran mutum ɓarawo alhali zarginsa ake yi zai iya jawo maka ƙarar ɓata suna, ka ga kai ma ka zama wanda ake ƙara.

Takardar farko da ke isowa hannun mutum yawanci sammaci ce, wato kotu ta ce ka bayyana rana kaza. Da zarar an miƙo maka ka duba sunan kotun, lambar ƙarar, sunanka ko daidai ne, ranar zama, da sa hannu da hatimi, sannan ka rubuta ranar da aka ba ka a gefe domin wani lokaci daga ranar ake fara ƙirga maka kwanakin mayar da martani. Kada ka ƙi karɓa wai don a ce ba ta same ka ba, wannan wayon ba ya aiki, kotu na iya ba da izini a manna ta a ƙofar gidanka ko a buga a jarida kuma shi kenan an ɗauka ka samu. In ka ƙi zuwa a shari'ar haƙƙi za a iya yanke hukunci a bayan idonka, in ta laifi ce alƙali ya sa hannu a waranti a kamo ka. Waranti shi ba gayyata ba ne, izini ne ga jami'i ya kama ka ko ya bincike gidanka, kuma kana da damar cewa a nuna maka.

In an kai ka ofishin 'yan sanda za a ce ka ba da bayani a rubuce. Nan ne mutane suka fi cutar kansu. Duk abin da ka sa wa hannu zai iya dawowa a karanta shi a gaban alƙali, in kuma a cikinsa ka yarda ka aikata to ya zama iƙirari, iƙirari kuwa shi kaɗai yana iya ɗaure mutum in kotu ta gamsu da son ransa ya yi. Kana da 'yancin yin shiru har ka ga lauya. Wannan da kake gani a fina-finai ɗan sanda yana karanta wa mutum 'yancinsa lokacin kamu ya samo asali ne daga hukuncin kotun ƙolin Amurka a shari'ar Miranda a 1966, a Najeriya kuma yana sashe na 35 na kundin tsarin mulki, sashen da ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40, in babu kuma kwana biyu. In ba ka iya karatu ba ka ce a karanta maka a yaren da kake ji kafin ka dangwala yatsa, in kuma da duka aka karɓi bayanin ka gaya wa lauyanka tun kafin a miƙa takardar a kotu, domin a daidai lokacin miƙawar ake yin ja.

Gurfanarwa ita ce ranar farko a gaban alƙali. Ga yadda take: a kira lambar ƙara, ka shiga akwati, magatakarda ya tashi ya karanta cajin ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye ka ko ka fahimta, sannan ya ce ka aikata ko ba ka aikata ba. Amsa biyu ce kawai ake jira. Sai ka ji bawan Allah ya fara "ranka ya daɗe, gaskiya na karɓi kuɗin amma ai da ma shi ne ya ce in riƙe masa..." alƙali ya ɗago kai ya dakatar da shi, domin lokacin labari bai yi ba. Irin wannan amsa mai "amma" a ciki yawanci musu ake rubuta ta, haka ma wanda ya yi gum ya ƙi magana. In ba ka gane cajin ba ka ce ba ka gane ba, ka nemi tafinta, haƙƙinka ne kuma ba kai za ka biya ba. Kada kuma ka amsa laifi don wani ya raɗa maka cewa "amsa kawai a ci ka tara ka tafi gida", wanda ya amsa an gama da batun hujja, hukunci kawai ya rage, kuma sunansa ya shiga cikin waɗanda aka taɓa samu da laifi.

Bari in ɗan daɗe a kan beli, don a ganina babu kalmar da aka fi yi wa mummunar fahimta kamarta. Beli sakin wucin gadi ne bisa alƙawarin za ka riƙa zuwa duk ranar zama, shari'ar tana nan daram. Shi ya sa in ka ji an ba da belin wani kada ka fara cewa an sayar da shari'a, haka in naka ne aka ba kada ka fara rabon goron murna wai an gama. In alƙali ya ce beli a kan kuɗi kaza da mutum biyu masu tsayawa, a tsarin da Najeriya ta gada daga Ingila sau da yawa ba ajiye kuɗin ake yi ba, alƙawari ne a rubuce cewa in ya gudu za a biya, sai dai in kotu ta fito fili ta ce a ajiye, a Amurka kuwa ajiye tsabar kuɗi ya fi yawa. Belin 'yan sanda a doka kyauta ne, kuma mace tana iya tsaya wa mutum, dokar 2015 ɗin nan ta faɗa ƙarara. Yanzu kai da aka kira cikin dare aka ce "don Allah zo ka tsaya wa wane, sa hannu ne kawai", ka san abin da kake sa wa hannu. Za a karɓi hotonka da adireshinka, wani lokaci har a je a ga gidan, kuma ranar da mutumin ya ƙi zuwa kai za a nema ka kawo shi ko ka faɗi dalilin da ba za a karɓi kuɗin nan daga hannunka ba, in ka kasa biya kana iya kwana a gidan yari a kan laifin da ko wurin ba ka je ba. In ka ga take-takensa na shirin ɓacewa ka koma kotu ka nemi a cire sunanka tun yana hannu. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya tsaya wa mutumin da bai san gidansu ba. Wanda aka hana beli ko ya kasa cika sharuɗɗa shi ake tsarewa a gidan gyaran hali yana jiran shari'a, kuma har yanzu a ido na doka ba mai laifi ba ne.

Hurumi shi ne ikon kotu na sauraron wata ƙara, ya danganta da irin maganar da wurin da abin ya faru da kuma su waye a ciki. Kotun da ba ta da hurumi, komai kyan shari'ar da ta yi aikin banza ne, shi ya sa lauyoyi ke fara kai hari nan. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne kotuna biyun nan na birnin Hague da duk ake kira kotun duniya. Ɗaya ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce, an kafa ta a 1945, ƙasashe kawai take raba wa gardama, ita ce ta yanke hukuncin Bakassi tsakanin Kamaru da Najeriya a 2002. Ɗayar ita ce ta manyan laifuka wadda yarjejeniyar Rome ta 1998 ta samar, ta fara aiki a 2002, ita mutane take tuhuma kan kisan ƙare dangi da laifukan yaƙi da makamantansu. Kafin ka kai ƙara ka tambaya wace kotu ce ke da hurumi, in ba haka ba ka yi shekara kana zirga-zirga a ƙarshe a ce ka tafi wata kotun ka faro daga farko.

In an shiga sauraro, ƙa'idar ita ce wanda ya yi da'awa shi zai kawo hujja. A kotunan shari'ar Musulunci za ka ji ana cewa mudda'i da mudda'a alaihi, wato mai ƙara da wanda ake ƙara, kuma ƙa'idar sananniya ce, hujja tana kan mai da'awa rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa, tana cikin wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari kan alƙalanci. A waɗannan kotunan ne kuma za ka ji i'izari, wato kafin hukunci alƙali ya tambaye ka ko kana da sauran hujja ko wani abin cewa, kada ka ce babu alhali akwai, ƙofar ƙarshe ke nan. In kai ne shaida, ka faɗi abin da idonka ya gani ko kunnenka ya ji kai tsaye, "an ce mini" ji-ta-ji-ta ce kuma galibi ba a karɓa. Bayan wanda ya kira ka ya gama, lauyan ɗaya ɓangaren zai taso da tambayoyin ƙure, zai maimaita tambaya ɗaya ta fuska uku, ya ce ƙarfe nawa ne, da wuta ko babu, tazarar ku nawa, duk don ya ga ko za ka saɓa wa kanka. Aikinsa yake yi, kada ka yi fushi, ka kalli alƙali ka amsa a taƙaice, abin da ka manta ka ce ka manta. Ƙarya bayan rantsuwa ita ce shaidar zur kuma laifi ce mai zaman kanta, haka ƙarya a takardar rantsuwa, wadda ake cewa afidabit, duk da yadda mutane suka mayar da ita kamar cike fom.

Ɗage shari'a kowa ya san shi, a rubuta sabuwar rana kawai, ka tabbata ka ji ranar da kunnenka. Ƙwarya-ƙwaryar hukunci kuma shi ne wanda ake yankewa a kan wata buƙata a tsakiyar shari'a, kamar beli ko karɓar wata takarda ko umarnin wucin gadi na cewa kowa ya tsaya inda yake kada a taɓa filin, bai nuna wanda zai ci a ƙarshe ba. Amma umarni ne, take shi raina kotu ne, ana ɗaure mutum a kai ko da daga baya shi ne mai gaskiya a asalin ƙarar.

To ga inda nake so ka buɗe kunne sosai, ranar da aka ce "kotu ta kori ƙara" ko "ta yi watsi da ƙara". A labarai duk ɗaya ake faɗarsu, a takardar kotu kuwa abu biyu ne. Akwai cire ƙara daga jerin shari'u saboda wata matsala, mai ƙara bai zo ba, ko takardu ba su cika ba, ko babu hurumi, wannan ana iya gyarawa a dawo da ita. Akwai kuma korar da ake yi bayan an saurari hujjoji an ga babu gaskiya, wannan ta mutu a wannan kotun sai dai a ɗaukaka. Haka a ɓangaren laifi, sallama daban wankewa daban. Wanda aka sallama kawai, misali don masu gabatar da ƙara sun yi ta kasa kawo shaidu ko antoni janar ya janye tuhumar, ana iya sake kamo shi a kan magana ɗaya. Wanda aka sallama aka kuma wanke shi ne ba za a sake tuhumarsa da wannan laifin ba. Saboda haka tambayar da za ka yi wa lauya a bakin ƙofa ita ce "za su iya dawowa da ita ko ba za su iya ba?", amsar wannan ita ce ainihin abin da alƙali ya ce.

In an samu mutum da laifi ana ba shi dama ya roƙi sassauci kafin a faɗi hukunci, nan ne wurin cewa wannan ne karon farko, akwai iyali, akwai rashin lafiya, musu kuma lokacinsa ya wuce. Sannan ka saurari ƙananan kalmomin nan da kyau. Ɗauri ko tara yana nufin in ka biya ka tafi, ɗauri da tara yana nufin duka biyun. Tara gwamnati ake biya, diyya kuma wanda aka cuta. In caji uku ne kowanne shekara biyu, in an ce zaman a tare ne shekara biyu ke nan, in an ce a jere ne shida, kuma ka tambaya ko za a lissafa da zaman da aka yi ana jiran shari'a. Afuwa ba daga alƙali take fitowa ba, ikon shugaban ƙasa ne ko gwamna.

Ɗaukaka ƙara, ko afil kamar yadda aka fi faɗa, ba sake shari'ar ake yi daga farko ba, kotun sama tana duba kundin abin da aka rubuta a ƙasa ne ta ga ko an yi kuskure, da wuya a bar ka ka kawo sabon shaida, shi ya sa duk abin da kake da shi ka zube shi tun a kotun farko. Kuma tana da wa'adi. A Najeriya daga babbar kotu zuwa kotun ɗaukaka ƙara kwana 14 ne in ƙwarya-ƙwaryar hukunci ne a shari'ar haƙƙi, wata 3 in na ƙarshe ne, kwana 90 a shari'ar laifi, in ya wuce sai ka roƙi ƙarin lokaci kuma ba dole a ba ka ba. Kowace ƙasa da nata lissafin, ka tambaya a ranar da aka yanke. A tsarin Ingila da ƙasashen da suka gaje shi shigar da afil kaɗai ba ya dakatar da zartar da hukunci, sai ka shigar da wata buƙata daban ta neman a dakatar, in ba haka ba kana can kana jiran rana ma'aikatan kotu sun zo sun kwashe kaya. Kotun ƙoli ita ce ƙarshe. Ko za ka ɗaukaka ko ba za ka ɗaukaka ba, ka je wurin rajistara ka nemi kwafin hukuncin mai hatimi, ka biya kuɗin da aka ƙayyade ka karɓi rasit, da shi lauya zai zaƙulo dalilan afil, da shi kuma za ka nemi a zartar in kai ne ka ci.